Malamai huɗu sun tafi a shekara ɗaya, in cire ta ko in bar ta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, wlh abin nan ya hana ni sukuni kwana biyun nan. Ilham tana aji huɗu na firamare, tun nazare take makaranta ɗaya, shekara shida kenan ban taɓa tunanin cire ta ba. Bara mai makarantar Allah ya yi mata rasuwa, ita ta kafa ta kuma ita ce shugaba, matar nan duk yaron da ya shigo get ta san sunansa ta san na uwarsa, in yaro bai zo ba kwana biyu ita da kanta za ta kira ki. Bayan an yi arba'in 'ya'yanta suka kawo wani hedimasta, bai cika zango biyu ba ya tafi, yanzu wani ne kuma daban. Malamai da na ƙirga da kaina huɗu sun bar wajen a shekarar nan, ajin su Ilham kaɗai malamin lissafi uku suka yi. Jiya na zauna na buɗe littafinta na lissafi tun daga shafin farko, jan biro hannu uku daban-daban, lissafin rabawa an fara shi a zango na ɗaya aka bar shi, na biyu ya zo ya sake farowa daga farko shi ma bai kai ƙarshe ba, na ukun ya tsallake gaba abinsa. Na ba ta 84 a raba 4 ta zauna tana kallona, yarinyar da a aji biyu ita ke koya wa ƙaninta ƙirga.

To akwai wata sabuwa da aka buɗe can wajen Hotoro shekara biyu da suka wuce, bene ne hawa biyu, ɗakin kwamfuta, motar ɗaukar yara, komai tsaf, kuɗin kusan ninkin na nan ne amma za mu iya matsawa. Babanta ya ce duk abin da na yanke shikenan. Zango na uku ya kusa ƙarewa, in cirewa ce gara in yi kafin Satumba. Me kuka gani?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya cire ta kawai, meye na jira. Makarantar da mai ita ya rasu magada suka karɓa yawanci haka take komawa, su kuɗin suke kallo ba karatun ba. Tunda Allah ya hore miki kai ta sabuwar.

Maman 'Yan Biyu:
A'a Abban Sadiq kar ka sa ta yi gaggawa. Ni abin da ya faru da ni kenan, na cire nawa daga wata saboda malamai suna ta tafiya na kai su mai kyan gini, ashe can abin ya fi muni, a shekara ɗaya Hassan ya yi anti uku Husaini ya yi biyu, ga kuɗin rajista ga sabon yunifom kala biyu ga littattafai gaba ɗaya sabbi saboda ba kamfani ɗaya suke amfani da shi ba. Maman Ilham kin tambayi sabuwar shekara nawa malamansu suka yi?

Maman Ilham:
Gaskiya ban tambaya ba Maman 'Yan Biyu, zagayawa da ni kawai aka yi aka nuna min ajujuwa da banɗaki da wajen wasa aka ba ni takardar kuɗi. Kuma ai makarantar ma duka shekararta biyu.

Malama Ummu Fu'ad:
Bari in sa baki a matsayina na wadda ta yi shekara tara tana koyarwa a makarantun kuɗi, guda huɗu na yi a cikin garin nan, kuma kowacce na san abin da ya fitar da ni. Iyaye da yawa suna ɗauka malami yana tafiya ne don ba shi da amana ko bai damu da yara ba, wlh ba haka ba ne, ranar da na bar ajina na farko kuka na yi a adaidaita har gida. A 2016 albashina 15,000 ne, lokacin mafi ƙarancin albashi na gwamnati 18,000, ina ɗauke da aji mai yara talatin da wani abu, ni ce turanci ni ce lissafi ni ce komai, in tashi ƙarfe biyu in tsaya lesin har huɗu, kuɗin lesin da iyaye suke biya kuma ban taɓa ganin ko sisi a ciki ba. Da N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aiki, ta zo a shekarar tana ba da 30,000 a wata mu biyar muka tafi kusan lokaci ɗaya daga makaranta ɗaya. Wa zai ce mun yi laifi?

Sannan abin da iyaye ba su sani ba shi ne maganar hutu. Makarantu da yawa ba sa biyan albashin watan dogon hutu, wasu su ba da rabi, sai ka ga malami ya karɓi na Yuli sai kuma ƙarshen Satumba ko ma Oktoba in an ce iyaye ba su gama biya ba. A wannan tsakanin ne mutum yake neman wani wajen, shi ya sa za ku lura yawancin tafiyar malamai a farkon shekarar karatu take bayyana, ku dawo hutu ku tarar da sabbin fuskoki. Wannan ma da sauƙi. Wadda ta fi tayar min da hankali a labarin Maman Ilham ita ce tafiyar tsakiyar zango, malami uku a darasi ɗaya cikin shekara ɗaya. Malami ba ya ajiye aji a tsakiyar zango haka kawai, ko dai albashi ya daina fita a kan lokaci ko kuma wulaƙanci ya yi yawa, ɗaya daga cikin biyun nan ne kusan kullum.

Abban Sadiq:
To ai Malama maganata kika ƙarfafa, tunda haka ne ta cire ta.

Malama Ummu Fu'ad:
Ban ce kar ta cire ba Abban Sadiq, cewa nake ta san inda za ta kai ta tukunna. Ginin bene ba shi ke shiga aji ya koyar ba. Ɗaya daga cikin huɗun da na yi ita ta fi kowacce kyau a ido, tayil har bango, amma rabin malaman 'yan bautar ƙasa ne da ɗaliban kwalejin ilimi masu zuwa koyon aikin koyarwa. Ba raina su nake ba, akwai masu ƙoƙari sosai a cikinsu, amma ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya ce tasa ciki har da sati ukun sansani, kuma rukuni-rukuni suke zuwa ba tare da la'akari da zangon makaranta ba, sai ya gama a tsakiyar zango ya karɓi takardarsa ya wuce garinsu. Mai koyon aiki kuma 'yan watanni ne. In makaranta ta jingina da su dole aji ya riƙa canza hannu ko da kuwa ba a ɓata wa kowa rai ba.

Abu Muhsin:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban so in yi magana ba saboda ni mai makaranta ne, ƙarama ce firamare kawai, kar a ce kare kaina nake, amma dai gara ku ji ta ɓangarenmu. Duk abin da Malama ta faɗa gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ku tambayi kanku albashin nan daga ina yake fitowa. Ba mu da wani tallafi daga ko'ina, kuɗin makarantar da kuke biya shi ne albashi shi ne hayar gida shi ne haraji shi ne ruwa da wuta da alli. Yanzu haka da nake rubutun nan muna sati na tara a zango kuma akwai iyayen da ko rabi ba su biya ba, in ka kori yaro a ce ba ka da tausayi, in ka bar shi malami ya jira albashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500 a 'yan kwanaki, malamina da yake zuwa daga Rijiyar Zaki ya zo ya same ni ya lissafa min kuɗin motarsa na wata, ya kusa cinye rabin albashinsa, ya ce Malam ka yi haƙuri zan nemi ta kusa da gida. Ban iya ce masa komai ba, mutumin kirki ne shekararsa biyar da ni. A 2024 kuma mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000, jihar Kano ma ta ce 71,000, ni kuma da na ƙara kuɗin makaranta kaɗan don in ɗaga wa malamai sai da iyaye suka taso min a taron PTA wasu suka kwashe yaransu. To ta ina zan riƙe malami in gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki? Can ga fansho ga albashin hutu ga kwanciyar hankali.

Maman Ilham abin da zan ce miki a matsayin wanda yake ciki, ki je ki zauna da sabon shugaban ki tambaye shi kai tsaye: wa yake sa hannu a albashi, shi ko magada? Wa yake ɗaukar malami wa yake sallama? In ya ce miki komai sai ya kira Alhaji ko Hajiya a waya to ba shugaba ba ne, mai riƙon kujera ne, kuma shi ma ba zai daɗe ba kamar na farkon.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Abu Muhsin Allah ya saka da alheri, gaskiya mu ma iyaye muna da namu laifin a maganar biyan kuɗi. Amma fa akwai masu makarantar da iyaye suna biya cif-cif kuma sai ka ga ana ta ƙara bene ana sayen mota malamai suna bin wata biyu. Wannan kuma fa?

Abu Muhsin:
Akwai su Hajiya, ba zan ɓoye ba, kuma su suke ɓata mana suna. Mutum ya ci bashin banki ya yi gini to kuɗin zango na farko banki zai fara biya kafin malami. Shi ya sa ni sabuwar makaranta mai babban gini ba ta burge ni sai na ga ta yi shekara huɗu biyar da malamanta na farko.

Hajiya Inna:
Sannunku 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min ina faɗa mata. Ni na yi shekara talatin da biyar a aikin koyarwa na gwamnati, goma sha ɗaya a ciki ina shugabar makaranta, kuma jikokina duk a makarantun kuɗi suke don haka na ga biyun. Maman Ilham, 'yata, ki kwantar da hankalinki ki saurare ni. Canjin shugaba shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, mu a gwamnati canza mu ake yi kullum kuma makaranta ba ta rushewa, saboda akwai abubuwan da ba sa tafiya da mutum. Akwai kundin manhaja na kowane aji, akwai littafin da malami yake rubuta abin da ya koyar kowane sati shugaba ya duba ya sa hannu, akwai rajistar makin yara. In malami ya tafi wanda ya zo zai buɗe ya ga an tsaya a sati na shida, ya ɗora daga na bakwai. Abin da kika gani a littafin Ilham, a fara abu sau biyu a bar shi na uku ya tsallake, yana nuna min cewa wannan littafin ko babu shi ko ba mai duba shi. Marigayiyar, Allah ya jiƙanta, da alama a kanta take riƙe da komai, irin matan nan ne masu ƙoƙari da ba sa gajiya, amma in komai yana kan mutum ɗaya ranar da ya tafi da shi yake tafiya.

Don haka in kin je, bayan tambayar da Malam Abu Muhsin ya ce, ki ce a nuna miki littafin aikin sati-sati na aji huɗu. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. Ki duba ko an cike shi ki duba ko akwai sa hannun shugaba da kwanan wata. Sannan ki tambaya cikin tsofaffin malamai su wa suka rage. In akwai uku ko huɗu da suka yi shekara biyar zuwa sama kuma har yanzu suna nan, to makarantar tana da sauran ƙashin baya za ta iya miƙewa. In tsofaffin ne suke fita ɗaya bayan ɗaya, su sun san abin da ke ba ki sani ba, ki bi bayansu.

Kuma ita sabuwar ma haka za ki yi mata. Kar ki je ranar da suka gayyace ki, ki je ranar Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya ba tare da kin sanar ba, ki leƙa ki ga aji nawa ne ba malami a ciki.

Maman Ilham:
Inna na gode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wlh ban ma san akwai irin wannan littafin ba. Cikin huɗun da suka tafi biyu tsofaffi ne, ɗaya ma ita ta koya wa Ilham karatu a aji ɗaya. Amma akwai anti ta aji biyar da malamin Islamiyya da wata ta nazare, su tun kafin mu zo suke nan kuma har yanzu suna nan.

Baban Yusra:
Tunda an ambaci Islamiyya bari in ƙara nawa, don mutane suna mantawa da wannan ɓangaren kuma a nan canjin malami ya fi ciwo. Yarona yana makarantar da ake haɗa boko da hadda, da malami ɗaya ya kai izu goma sha biyu a shekara biyu da wani abu, malamin ya san inda yake tuntuɓe, ya san ayoyin da suke rikita shi masu kama da juna, ya san in ya fara lilo da jiki da sauri to bai riƙe ba ne yake so ya wuce. Aka wayi gari malamin ya samu tafiya ƙaro karatu, wanda ya zo ya saurare shi sau ɗaya ya ce tilawarsa ba ta zauna ba a koma izu biyar, bayan wata huɗu shi ma ya tafi, na ukun kuma a tsangaya ya taso bakinsa ya fi sabawa da Warshu alhali yaran da Hafsu suka faro, yana ƙoƙari amma lokaci-lokaci sai ya zame, yaro ya dawo gida yana tambayata Abba maliki ne ko maaliki. Shekara guda cur muka yi a waje ɗaya, abin da ya fi damuna ma ba izun ba ne, yaron ne ya daina son zuwa. Yanzu duk inda zan kai yaro tambayata ta farko malamin hadda shekararsa nawa a nan kuma iyalinsa a garin nan suke ko a'a.

Ummi daga Kaduna:
Mu nan Kaduna mun ga irin wannan a 2017 lokacin da gwamnati ta yi wa malaman firamare jarabawa ta sallami sama da dubu ashirin da ɗaya ta buɗe ɗaukar sabbi, makarantar da ƙannena suke malamansu masu NCE da digiri kusan duk sun cike, waɗanda aka ɗauka suka tafi. Don haka wani lokacin ba laifin makarantar ba ne iska ce ta kaɗo daga waje. Amma ta Maman Ilham kam daga cikin gida ne tunda ya biyo bayan rasuwa.

Abu ɗaya da zan ƙara ga masu yara a sakandare, ku yi hattara da cire yaro in ya shiga SS, saboda WAEC tana karɓar makin gwajin aji na ɗalibi tun daga SS1 ta hannun makarantarsa, canji a SS2 ko SS3 yana zuwa da wahalhalu. Ilham dai firamare ce da sauƙi.

Abban Sadiq:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Duk wannan binciken da kuke lissafawa uwa ce za ta koma sufeto? Muna biyan kuɗi ne don a ɗauke mana wannan nauyin. Kuma yarinya tana aji huɗu, saura shekara biyu ta yi kwaman entaran, in aka tsaya ana jiran makaranta ta miƙe ita wa zai dawo mata da shekarar da ta rasa? Ba da 'yar mutum ake gwaji ba.

Malama Ummu Fu'ad:
Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce Abban Sadiq kuma ita ce ta fi nauyi a duk abin da aka faɗa, lokacin yaro ba ya dawowa. Amma cirewar ma gwaji ce. Na karɓi yara da yawa da aka canzo musu makaranta a aji biyar, zangon farko gaba ɗaya yana tafiya ne wajen sabo, sabbin ƙawaye, sabon littafi, wata ma ba ta buɗe baki a aji sai bayan wata biyu, kuma ni malamar ban san tana da rami a lissafin rabawa ba sai na gano da kaina in ma na gano. A tsohuwar kuwa antin aji biyar ta san Ilham tun tana nazare tana ganinta a asambili, uwar za ta iya zuwa ta ce mata ga inda aka bar 'yata a baya. Wannan sanayyar ba a sayenta da kuɗin rajista.

Maman Ilham ga wata hanya da ba sai kin shiga ofis ba. Maigadi da mai shara da matar da take sayar da abinci a bakin get, su sun fi kowa sanin wa ya zo wa ya tafi kuma me ya sa. Ki gaisa da Baba maigadi da kyau ki tambaye shi ya aiki, an biya ku na watan nan? In maigadi yana bin bashi to malamai ma suna bi. Haka a sabuwar, ki ce masa Baba malaman da aka buɗe makarantar da su har yanzu suna nan? Zai faɗa miki. Sannan in kina da lambar antin da ta tafi ki kira ta ku gaisa, ba don gulma ba, ki ce mata ke uwa ce kina son ki san ko ki bar 'yarki. Yawancinmu ba za mu ɓoye wa uwa gaskiya ba.

Abu Muhsin:
Ki kuma tambaya ko suna ba malamai takardar ɗaukar aiki a rubuce, da ko malaman suna da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Ba wai takardar ce take koyarwa ba, amma wanda ya yi NCE ya je ya yi jarabawar hukumar ya yi rajista yawanci ya ɗauki koyarwa sana'a ne, ba wanda yake jira aikin banki ko na kwastan ya fito ba. Ni na fi samun daɗewa daga matan aure da suke zaune a unguwar kuma 'ya'yansu suna makarantar, ina rage musu kuɗin yaran, akwai wadda shekararta takwas da ni yanzu.

Maman 'Yan Biyu:
Wannan gaskiya ne, inda nawa suke yanzu abin da ya sa na natsu kenan, na ga 'ya'yan malaman a cikin ajujuwan, har ɗan shugabar yana aji ɗaya da Hassan.

Hajiya Inna:
Abban Sadiq ɗana, ba sufeto za ta zama ba, awa biyu ce a rana ɗaya. Mun fi haka daɗewa a Kwari wajen zaɓen atamfa.

Abban Sadiq:
Haka ne Inna, na karɓa. Allah ya huci zuciyarki. Amma dai ta sa wa abin wa'adi kar ya zama jira ba iyaka.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari, ku yi haƙuri kwana biyar shiru, sai da na bi komai ɗaya bayan ɗaya.

Na fara kiran antin aji ɗaya da ta tafi. Ta ce bayan rasuwar Hajiya wata uku a jere albashi sai ya kai sha biyar ga wata na gaba saboda magadan ba su daidaita kan wanda zai riƙa sa hannu a banki ba, hedimastan farko kuma da ya zo ya soke rangwamen da ake yi wa 'ya'yan malamai, ita kuma yara uku gare ta a wajen, shi ya fitar da ita. Ta ce ba ta da wani ƙorafi a kan na yanzu don ba ta yi aiki da shi ba.

Ranar Talata na je na samu sabon shugaban. Dattijo ne, ya yi ritaya daga gwamnati. Na yi masa tambayar Malam Abu Muhsin, ya ce kafin ya karɓa sai da ya sa magadan suka rubuta cewa albashi da ɗaukar malamai a hannunsa suke, babbar 'yar marigayiyar ce kaɗai take sa hannu tare da shi, kuma ya dawo da rangwamen. Na ce a nuna min littafin da Inna ta ce, bai ɓata rai ba ya aika aka ɗauko. Zango na ɗaya da na biyu na lissafin aji huɗu kusan fari fat, sati uku kawai aka cike, daga lokacin da ya zo kuma kowane sati akwai rubutu da sa hannunsa da koren biro. Na buɗe masa littafin Ilham na nuna masa, ya daɗe yana juya shafukan bai ce komai ba, sannan ya ce ba ita kaɗai ba ce ajin ne gaba ɗaya, kuma zai sa a yi musu sati uku na lissafi a cikin hutu kyauta, antin aji biyar ce za ta yi tunda ita za ta karɓe su. Baba maigadi ya ce wata uku kenan ana biyansu kafin wata ya mutu.

Laraba na je sabuwar ƙarfe goma sha ɗaya ban sanar ba. Gaskiya ajujuwan duk da malamai sai ɗaya, kuma yaran suna cikin natsuwa, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma da na tambayi matar ofis malaman da aka buɗe da su nawa suka rage sai ta ce sai dai in jira darakta, maigadin kuma satinsa shida da fara aiki bai san kowa ba. Malamar aji biyar ɗin da za ta karɓi Ilham in mun koma can na gan ta da wandon kaki na bautar ƙasa, na gaishe ta na tambaye ta yaushe za ta gama ta ce Oktoba.

Mun zauna da babanta jiya da daddare. Za mu bar ta zuwa ƙarshen zangon farko na aji biyar, Disamba kenan, wa'adin da Abban Sadiq ya ce. In antin aji biyar ta tafi ko shugaban ya tafi kafin nan ba zan ƙara jira ba, kuma ba sabuwar zan kai ta ba sai na ga darakta ya amsa min tambayata. Kuɗin zangon nan da ya rage mana dubu goma sha biyu na biya shi ranar Talatar da na je wajen shugaban kafin in fito.

Malama Ummu Fu'ad dan Allah in ba damuwa ki turo min yadda zan riƙa yi mata lissafin rabawar a gida kafin a fara na hutun, da ƙwallayen dabino muka fara jiya ta raba 24 gida 4 ta samu daidai amma da na rubuta mata a takarda sai ta sake tsayawa.

Malama Ummu Fu'ad:
Kar ki kai ta takarda tukunna, ku ƙara kwana uku a dabinon, ki riƙa sa ta faɗa da bakinta kowane gida ya samu nawa kuma saura nawa, ki sa lambobin da ba sa rabuwa daidai kamar 25 gida 4 don ta saba da ragowa. Rana ta huɗu ki ajiye takardar a gefen ƙwallayen ta riƙa rubuta abin da hannunta ya yi. Zan kira ki bayan la'asar in sha Allah.